Ɗan'uwa rabin jiki, amma wa ke da iko da rabin?

Sai da gari ya kusa wayewa na kai shafin ƙarshe, kuma ban ajiye littafin da daɗin rai ba. Kwana uku ina bin wata yarinya 'yar shekara 13 daga asibiti zuwa ofishin lauya zuwa kotu, ina jiran in ga yadda za a kwance ƙullin da aka ɗaura mata tun kafin a haife ta, sai marubuciyar ta ɗauko almakashi a shafukan ƙarshe ta datse shi. Littafin shi ne My Sister's Keeper na Jodi Picoult, marubuciya 'yar Amurka, wanda ya fito a 2004. Wanda bai karanta ba kuma yana da niyya, gara ya dakata a nan, don ba yadda zan faɗi abin da ke raina ban tona ƙarshen labarin ba.

Labarin iyalin Fitzgerald ne, a jihar Rhode Island. Uban, Brian, ɗan kwana-kwana ne. Uwar, Sara, lauya ce da ta ajiye aiki ta rungumi reno. 'Yarsu Kate tana da shekara biyu aka gano tana da wani nau'in kansar jini da likitoci ke kira APL. Aka gwada yayanta Jesse ko ɓargonsa zai yi mata, bai dace ba. Sai iyayen suka nufi likitocin haihuwa, aka haɗa musu 'ya'yan tayi a ɗakin gwaji, aka tantance, aka zaɓi wanda ya yi daidai da Kate aka dasa wa Sara. Haka aka samu Anna. Ranar da ta faɗo duniya aka ɗebi jinin cibiyarta aka ajiye wa yayarta. Ciwo ya lafa, ya dawo. Aka ɗebi jini, aka ɗebi ɓargo. Da Anna ta kai 13, Kate 16, ƙodojin Kate suka gaza, idon kowa ya sake komawa kan ƙanwar. A nan ne ta jinginar da sarƙar wuyan da babanta ya ba ta tukuici bayan an ɗebi ɓargonta, ta haɗa 'yan canjinta, ta shiga ofishin wani lauya mai suna Campbell Alexander, ta ce tana so ta kai iyayenta ƙara, kotu ta cire hannunsu daga yanke hukunci a kan jikinta.

Mai karatu Sara yake fara tsinewa, ni ma da haka na fara. Wace irin uwa ce za ta haifi 'ya kamar mai ajiyar kayan gyaran mota? Amma tun kafin in kai tsakiyar littafin fushin ya fara sanyi, don na kasa samun wurin da zan sa yatsa in ce nan ta kauce, da ni ne da ban yi haka ba. Uwa ce aka ce mata 'yarta da ko magana ba ta gama iyawa ba ba za ta daɗe ba, aka kuma nuna mata wata ƙofa a buɗe. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Ƙofar nan kuwa ba marubuciyar ce ta ƙirƙiro ta ba. A jikin ƙwayoyin halittar kowannenmu akwai wasu alamomi da ake kira HLA, su garkuwar jiki ke dubawa ta bambance nata da na baƙo. In aka dasa wa mutum ɓargon da alamominsa suka saɓa da nasa, ko dai jikinsa ya ƙi karɓa, ko kuma, wanda ya fi muni, sabon ɓargon ya ɗauki jikin da aka sa shi ciki a matsayin abokin gaba ya far masa. Alamomin nan a dunƙule ake gadonsu, ƙunshi ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba, shi ya sa tsakanin 'yan uwa ɗaya uba ɗaya dacewa kan faɗo sau ɗaya cikin huɗu. A kan wannan ɗaya cikin huɗun iyalin Ayala na Kalifoniya suka jingina fatarsu. An gano 'yarsu na da kansar jini a 1988 tana shekara 16, suka yi ta cigiyar mai ba da ɓargo ba su samu ba. Uban ya riga ya yi tiyatar tsai da haihuwa, ya koma aka warware masa. Uwar ta haura arba'in. Aka haifi yarinya a watan Afrilun 1990, Allah ya sa ta dace, kuma a watan Yunin 1991, tana wata 14, aka ɗebi ɓargonta a asibitin City of Hope aka dasa wa yayarta. Dukansu suka rayu.

Bayan shekara goma sai kimiyya ta cire sa'ar daga ciki. Tun a 1988 likita Eliane Gluckman ta nuna a birnin Paris cewa jinin da ya rage a cibiya da mabiyiya, wanda a da zubarwa ake yi, yana ɗauke da ƙwayoyin da za su iya farfaɗo da ɓargon majinyaci. Ta ɗaya gefen kuma aka koyi ciro ƙwaya ɗaya daga ɗan tayi yana kwana uku, lokacin bai wuce ƙwayoyi takwas ba, a karanta abin da ya gada kafin a dasa shi a mahaifa. Iyalin Nash na Colorado ne aka fara haɗa wa dabarun biyu. 'Yarsu na fama da cutar Fanconi, ciwon gado mai kashe ɓargo. Aka tantance musu 'ya'yan tayi a birnin Chicago, ana neman wanda bai ɗauko ciwon ba kuma ya dace da yarinyar, abin da a lissafi ke faɗowa sau 3 cikin 16. Bayan an yi ta gwadawa ana rasawa, aka haifi namiji a watan Agustan 2000, aka dasa wa yayarsa jinin cibiyarsa a asibitin jami'ar Minnesota. Shekara huɗu bayan haka littafin nan ya fito.

Masu adawa da irin wannan haihuwa sukan kawo maganar Kant, masanin falsafar nan na Jamus, cewa ba a mai da ɗan Adam abin aiki kawai don biyan buƙatar wani. Nauyin maganar yana kan “kawai” ɗin nan. Tun da duniya take mutane na haihuwa da dalili: wani magaji yake nema, wata tana so ɗanta na fari ya samu abokin wasa, wasu aurensu ne ke tangal-tangal suna fata jariri ya riƙe shi, wasu tsufansu suke hange. Ba wanda ke tare su a ƙofar ɗakin haihuwa ya tambayi niyya. In aka jera dalilan nan, ceton ran wani yaro ba shi zai zo ƙarshe ba. Akwai dai wata hujjar daban, ta 'ya'yan tayin da ake tantancewa a ajiye gefe don ba su dace ba, kuma wanda ya ɗauki ɗan tayi a matsayin cikakken rai ba zai ga abin wasa a nan ba. Littafin bai tsaya a kanta ba, ni ma zan wuce. Abin da na fito da shi daga karatun shi ne, haihuwar Anna ba ita ce wurin ciwon ba. Ciwon yana cikin shekaru goma sha ukun da suka biyo baya.

Abin da littafin ya iya nunawa, wanda muhawarar masana ba ta cika nunawa ba, shi ne yadda abin ke tafiya hawa-hawa kamar tsani. Matakin farko jinin cibiya ne, wanda bai rage wa jaririya komai ba, ko sani ba ta yi ba. Shi kaɗai Sara ta yi zaton za a buƙata. Da ciwon ya dawo, ai ga mai dacewa nan a gida, ɗan jini ne kawai za a ja. Yarinya 'yar shekara biyar ta yi kuka, a riƙe ta, a saya mata alewa, a wuce wurin. Sai ɓargo. Shi kuwa ba ƙaramin abu ba ne: za a sa yaro barci da magani, a kifa shi a gadon tiyata, a soka allura mai kauri ta bayan ƙugu har cikin ƙashi, a zuƙo, a ɗan gusa a sake sokawa a zuƙo, a yi ta yi na awa ɗaya ko fiye. Ya farka bayansa na zogi kamar wanda ya faɗo daga bishiya, kwanaki yana ɗingishi. Duk da haka ɓargo na tofowa, cikin 'yan makonni jiki ya mayar da abin da aka ɗiba. Kowane mataki in ka auna shi da wanda ya gabace shi, tazarar kaɗan ce, kuma a kowane mataki abin da ke ɗaya gefen sikeli ran yarinya ne. Ta yaya za ka ce a'a ga allura bayan ka ce to ga jinin cibiya? Ta yaya za ka ce a'a ga ɓargo bayan allura? Da haka ake wayar gari a kan matakin ƙoda ba wanda ya tuna ranar da aka yanke shawarar hawa.

Ƙoda kuwa ba ta tofowa. Mutum na rayuwa lafiya da guda ɗaya, gaskiya ne, kuma tun 1954 da likita Joseph Murray ya yi nasarar dashen farko tsakanin wasu tagwaye a Boston ake yin wannan kyauta. Amma tiyata ce babba. Wani babban nazari da aka wallafa a Amurka a 2010 ya nuna kusan mutum 3 cikin kowane 10,000 da suka ba da ƙoda sun rasu a dalilin aikin. Kaɗan ne, sai dai mai lafiya ne ya shiga ɗakin da ƙafarsa, ba abin da ke damunsa. Mace da ta ba da ƙoda tana da ƙarin haɗarin hawan jini in ta yi ciki daga baya. 'Yar shekara 13 za ta yi shekara sittin ko saba'in tana lallaɓa guda ɗaya. Anna kuwa mai tsaron raga ce a wasan hoki na kan ƙanƙara, wasan da ake karo ana faɗuwa.

Birtaniya ta yi ƙoƙarin shata layi a kan tsanin nan. A 2002 hukumar HFEA mai sa ido kan asibitocin haihuwa ta yarje wa iyalin Hashmi na Leeds su tantance ɗan tayi don ɗansu mai talasemiya, wani ciwon jini na gado, amma a shekarar ta hana iyalin Whitaker, wai ciwon ɗansu ba wanda ake iya gwadawa a ɗan tayi ba ne, don haka gwajin ba zai amfani jaririn da za a haifa da komai ba. Su kuma suka hau jirgi suka tafi Chicago aka yi musu, aka haifi yaron a 2003, yayansa ya warke. A 2004 hukumar ta sassauta, a 2005 kotun ƙolin ƙasar ta wancan lokaci ta tabbatar mata da ikon ba da izinin, sannan dokar 2008 ta rubuta shi baro-baro: ana iya zaɓen ɗan tayi don jinin cibiya ko ɓargo ko wani abu makamancin haka, ban da gaɓa sukutum irin ƙoda. Layin ya yi ma'ana. Sai dai doka niyyar ranar zaɓen take iya tsarewa. Abin da za a ce wa yaron a teburin cin abinci bayan shekara goma sha uku, ba hukumar da ke wurin.

A nan ne na ga ainihin tambayar littafin: wa ke magana da yawun yaron da yake lafiya? A ƙa'idar aikin likita, iyaye ke sa hannu a madadin ƙaramin yaro, don ana kyautata zaton ba wanda ya kai su son alherinsa. Ƙa'idar na aiki ne in yaro ɗaya ne a gabansu. In biyu ne, kuma lafiyar ɗaya a jikin ɗayan za a yanko ta, hannun da ke sa hannu ya rabu biyu. Marubuciyar ta zana wannan da kyau inda ta sa Sara ta koma rigarta ta lauya ta tsaya wa kanta a kotu. Da rana ita ce lauyar ɓangaren da 'yarta ke ƙara, da dare ita ce uwar da ke leƙa ɗakin 'yar.

Kotunan Amurka sun sha fama da wannan, kuma in ka jera hukuncinsu sai ka ga wani abu mai ɗaure kai. A 1978 a Pennsylvania, wani mutum mai suna McFall da ɓargonsa ya daina aiki ya kai ɗan'uwansa Shimp ƙara, don gwaji ya nuna shi ne ya dace amma ya ƙi bayarwa. Alƙalin ya ce ƙin nan abin Allah wadai ne a ɗabi'ance, amma doka ba za ta danne baligi a soka masa allura don ceton wani ba. Bayan 'yan makonni McFall ya rasu. To, shekara tara kafin nan, a 1969, kotun Kentucky ta amince a cire ƙodar wani mai shekara 27 da hankalinsa bai wuce na ɗan shekara shida ba, a dasa wa yayansa. Shari'ar Strunk kenan, kuma alƙalai huɗu ne suka rinjayi uku. A 1972 wata kotu a Connecticut ta amince da irin haka tsakanin tagwaye mata 'yan shekara bakwai. Wato baligi mai bakin cewa a'a doka ta kare masa jikinsa har ɗan'uwansa ya mutu, wanda ba shi da bakin kuwa aka sa masa hannu.

Hujjar da kotunan suka kafa ita ce, mai bayarwar ma yana amfana, don rashin ɗan'uwan zai fi yi masa illa a rai fiye da rashin ƙoda. Akwai gaskiya a ciki. Kotun ƙolin Illinois ta nuna haka ta bayan gida a 1990, a shari'ar Curran da Bosze, inda ta ƙi tilasta a gwada wasu tagwaye 'yan shekara uku da rabi don yayansu da suka haɗa uba kawai, saboda uwarsu ta ƙi, kuma sau biyu kacal suka taɓa ganinsa. Ba shaƙuwar da za a ce za su yi asararta. Amma a juya hujjar a duba bayanta. Ma'anarta, gwargwadon yadda yaro ke ƙaunar ɗan'uwansa, gwargwadon yadda jikinsa ke halasta a taɓa. Ɗan'uwa rabin jiki ne, haka muke cewa, sai ga shi kotu ta ɗauki zancen a zahirinsa.

Sai batun yarda, wanda a takarda yake da sauƙi. A tambayi yaron mana. Amma “to” da aka faɗa a gidan da “a'a” ke nufin jana'iza, wace irin “to” ce? Akwai wani ɗan wuri a littafin da ya fi duk zaman kotun tsaya mini a rai. Anna ta samu gurbi a wani sansanin horon hoki a wata jiha mai nisa, ta zo da murnarta, uwar ta ce ba za ta je ba, don ba a san halin da Kate za ta kasance ba a lokacin, wataƙila a buƙace ta. Ba allura, ba wuƙa, ba takardar sa hannu. Ba kwamitin ɗa'a na asibiti da zai zauna a kan wannan. Amma a nan ne yarinya ke gane cewa ko tafiyar 'yan kwanaki ba tata ba ce, ita ma'ajiya ce da dole ta kasance kusa.

Likitocin dashe sun san wannan matsin tun tuni, har suna da wata dabara a kansa. Baligin da dangi suka turo, in ya keɓe da likita ya ce shi fa a ransa ba ya so, sau da yawa sai a sanar da iyalin cewa bai cancanci bayarwa ba, ba tare da an faɗi dalili ba. Ya fita da mutuncinsa, zumunci bai tsinke ba. Wannan ƙofar bayan a rufe take ga Anna. Wa za ta ce wa ba ta dace ba, alhali don dacewar aka zaɓo ta? A 2010 ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta fitar da sharuɗɗa kan ɗibar ɓargon ƙananan yara: ya zama ba baligi cikin dangi da ya dace kuma ya yarda, akwai shaƙuwa ta gaske tsakanin yaran, akwai kyakkyawan zaton dashen zai yi amfani, an rage haɗarin iya ragewa, iyaye sun amince kuma an nemi yardar yaron in ya kai fahimta. Ta kuma ce a naɗa wani mutum daban, wanda ba ya cikin masu jinyar majinyacin, aikinsa kawai ya tsaya wa mai bayarwar. Wannan na ƙarshen shi ne abin da Anna ta rasa, har ta je ta saye shi da kuɗin sarƙarta.

Sannan labarin ya juya. A gaban alƙali Anna ta fashe ta faɗi abin da take ɓoyewa: Kate ce ta roƙe ta ta ƙi. Kate ta gaji. Shekara goma sha huɗu tana shiga asibiti tana fita, ta san jikinta, ta san ko an yi dashen da wuya ta tashi, ta kuma san uwarta ba za ta taɓa jin wannan magana ba. Da na kai nan sai da na koma baya na sake duba yadda aka gina littafin. Kowane babi wani ne ke ba da labari da bakinsa, Anna, Sara, Brian, Jesse, lauyan, har matar da kotu ta naɗa ta duba maslahar Anna. Kate, wadda duk duniyar gidan ke zagaye da gadonta, ba a ba ta nata babin ba sai a rufewa. Wannan gwaninta ce, na sara wa marubuciyar. Ashe yara biyu ne ba a tambaya ba.

Amma juyin nan ya ci wani abu. Duk tsawon littafin ina murna cewa ga yarinya ta ce a'a don kanta, sai ga shi a'ar ma aike ce. Ko da ta ƙi ba da ƙoda, hidimar yayarta take yi. Na so a bar mata ƙinta, ƙi na tsoro da gajiya da son kai irin na kowane ɗan shekara 13, a ga ko mai karatu zai iya ci gaba da ƙaunarta a haka. Marubuciyar ta ɗan taɓa wurin, ta bari Anna ta amsa cewa akwai wani ɓangare na zuciyarta da ke son 'yancin, amma ta yi maza ta lulluɓe shi da sadaukarwa.

Shi kuma haƙƙin Kate na cewa ya isa, ba a gama shari'arsa ba har yau. A Ingila hukuncin Gillick na 1985 ya ce yaron da bai kai 16 ba yana iya amincewa da magani da kansa in ya fahimci abin da ake ciki, amma hukunce-hukuncen da suka biyo baya a farkon shekarun 1990 suka ce in ƙi ya yi, kotu na iya take ƙin. Yardarsa tana da nauyi, ƙinsa ba shi da shi sosai. A 2008 wata 'yar shekara 13 a ƙasar, wadda maganin kansar jini ya raunana wa zuciya, ta ƙi dashen zuciya, hukumomin lafiya suka janye daga kai maganar kotu. Shekara ta zagayo ta canja ra'ayi aka yi mata. A 2015 kotun ƙolin Connecticut ta tabbatar da a ci gaba da yi wa wata 'yar shekara 17 maganin kansa ba da son ranta ba. Kowane ɓangare na muhawarar yana da labarin da zai ɗaga ya ce kun gani. Abin lura ma, shi kansa APL ɗin Kate yau ba dodon da yake a da ba ne. Likitocin Sin, a Shanghai da Harbin, sun gano cewa wani magani dangin bitamin A da kuma sinadarin asenik suna sa ƙwayoyin kansar su balaga su mutu, kuma haɗin biyun yanzu yana warkar da fiye da tara cikin goma na waɗanda ciwonsu bai yi tsanani ba. Uwar da ta ƙi sakin hannu tana jiran gobe, wani lokacin goben na zuwa.

To, ƙarshen. Alƙali ya ba Anna gaskiya, ya damƙa wa lauyanta wakilcin yanke hukunci kan lafiyarta. A hanyarsu daga kotu, ana ruwa, babbar mota ta yi karo da su. Uban na cikin 'yan kwana-kwanan da aka kira wurin. Ƙwaƙwalwar Anna ta mutu, na'ura ce ke riƙe da numfashinta, lauyan da ta ɗauka don ya kare mata jikinta shi ya ba da izinin a cire ƙodar. Aka dasa wa Kate, ta rayu, ta girma.

Na fahimci abin da za a ce don kare wannan. Gidan da ya shekara goma sha huɗu yana gadin ƙofa ɗaya don kada mutuwa ta shigo, sai ta shigo ta taga, haka rayuwa take yi, kuma duk wanda ya taɓa doguwar jinya ya san ba lallai majinyacin ne ke riga tafiya ba. Amma littafi ba rayuwa ba ne, akwai hannun da ya tuƙo motar nan. Haɗarin ya wanke kowa. Sara ta samu ƙodar ba tare da ta tilasta ba. Anna ba ta ɗauki nauyin ƙinta ba. Kate ba ta mutu bisa zaɓinta ba, kuma warkewarta ta nuna kamar dama uwar ce ke da gaskiya. Yarinyar da ta je har kotu don ta tabbatar ita ba ma'ajiyar gaɓoɓi ba ce, marubuciyar da kanta ta mai da ita haka. Fim ɗin da aka yi a 2009 ya juya abin, Kate ta rasu, Anna ta rayu, kuma marubuciyar ba ta ɓoye rashin jin daɗinta da canjin ba. A wannan gaɓar dai ina bayan masu fim.

Akwai kuma Jesse, wanda na kusa mantawa da shi kamar yadda iyayensa suka yi. Shi ne yaron da aka gwada bai dace ba. Ya tashi yana cinna wa kangayen gine-gine wuta a ɓoye, ubansa na bi yana kashewa bai san hannun wa ba ne. An naɗa wa Anna lauya, an naɗa mata mai duba maslaha, Kate na da rundunar likitoci. Shi ba wanda ya shigar da takarda a kansa, don ba abin da aka cira daga jikinsa da za a nuna wa alƙali.

Babin da na zauna jira har gari ya waye shi ne na washegarin hukunci. Anna ta sauko da safe da ƙodojinta biyu, takardar kotu na cikin jakarta. Sara na tsaye a kicin ta juya baya, ba ta runtsa ba. Wayar asibiti na iya bugawa kowane lokaci. Ɗaya daga cikinsu dole ta fara cewa ina kwana.